Aljanin da Ya Cire Takalminsa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a rumfar bakin tashar Kazaure ya san Sharfuddeen, in bai riƙe fuskarsa ba to ya riƙe muryarsa. Sana'arsa tura wa mutane finafinai a waya, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya koya wa masu fim riƙon kyamara. Ba fim ɗin da ya taɓa burge shi. Na Indiya waƙa ta yi yawa, na Turawa ba tarbiyya, na gida kuwa in aka sa mai aljanu sai ya juya ƙeya ya ce, "Wai wannan ne aljani? Wallahi ni da wayar nan tawa kaɗai zan yi fim ɗin da za a riƙa fitar da mutane ranga-ranga."

Ran nan yana tsakiyar wannan cika baki sai ga Kawu Sama'ilu tsaye a kansa. Ƙanen mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, kuma babban ɗan kasuwar hatsi ne a Babura.

"Sharfu, shekara biyu ina cewa ka zo ka kama mini awo, kana ce mini kana da babban aiki a gabanka. Wannan surutun ne babban aikin?"

"Kawu, ai ƙasar nan ce ba ta san abin da Allah ya ba ta ba. Da a wani wuri aka haife ni..."

"A Gwiwa aka haife ka, ina tsaye a ƙofar gida. Saurara. Wata guda na ba ka. Ka yi fim ɗin naka, ka tara jama'a, ni ma in zo in zauna. In mutum ɗaya tak ya tsorata a gaban idona, na ƙyale ka da sana'arka har abada. In kuwa ba a samu ba, washegari kana kan mota sai Babura, mudu a hannu."

Sharfuddeen ya yi wata dariya ta manyan mutane. "Mutum ɗaya? Haba Kawu, ka raina ni. Ka dai ce a tanadi ruwan yayyafa wa waɗanda za su suma."

Kafin la'asar ya gama tsara labari a kansa, har ya raɗa masa suna Ƙahon Matsafa. Wasu matsafa ne a duwatsun Roni suka sace wani saurayi kyakkyawa, jarumi, mai ilimi, za su miƙa shi ga aljaninsu mai ƙaho. Saurayin kuwa, Sharfuddeen bai sha wahalar neman wanda zai fito a matsayinsa ba, madubi kawai ya duba.

Sarauniyar matsafa ya ba Inna Kaltume, mai ɗanwaken da ke kusa da rumfarsa, saboda tana da wata irin dariya da ke sa kaji watsewa.

"Ni ce matsafiyar? Ɗan nan, uwarka ce ta ce maka ina da kama da su?"

"Inna, ai fitacciya za ki zama. Har Damagaram sai an san ki."

"To, amma ba na sa baƙin lalle a haƙori, kuma azahar na yi zan tashi."

Aljani ya fi wuyar samu. Dogo ake so, kuma duk unguwar ba dogo kamar Yakubu tela, abokinsa tun na makarantar allo. Sai dai Yakubu sabon ango ne, 'yar Malam Muhammadu Lawal yake aure, dattijon da ko rediyo aka sa kiɗa sai ya tashi daga wurin.

"Darakta, ka rufa mini asiri. Surukina ya ɗauka ni mutumin kirki ne."

"Wa zai gane ka? Gawayi zan shafe ka da shi tun daga goshi har tafin ƙafa, ga ƙaho, ga buhu. Matarka ma in ta gan ka sai ta nemi tsari."

"Ba suna, ba fuska?"

"Ba suna, ba fuska. A fosta Aljani kawai zan rubuta."

Ranar farko suka hau babura biyu suka nufi duwatsun Roni. Inna Kaltume ta dubi rana tsaka, ta dubi Sharfuddeen. "Ni ina ce matsafa da duhu suke fita?"

"Inna, wannan ilimi ne. Fitila ta masu ƙaramar basira ce." Ya zaro baƙin tabarau, ya ɗaure shi a idon wayar da zare, ya kafa gwafa a ƙasa ya maƙala wayar a kai. "Kin gani? Duhu ya samu. Kuma ku ji da kyau, wayar nan cikinta ƙarami ne, sau ɗaya ake ɗaukar komai. Ba maimaici. Duk abin da ya faru, kowa ya ci gaba da aikinsa."

Aka zaunar da Inna a kan dutse, aka ba ta ƙwarya da aka zana wa ido da haƙora, aka kunna kashin shanu don hayaƙi. Sharfuddeen ya ɗaga hannu ya ce a fara.

Inna ta buɗe murya, "Ya kai mai ƙaho, fito daga dutse, ga jini mun kawo maka!" Ta kece da dariyar nan tata har wasu hasbiyoyi suka tashi daga kan dutsen. Tsigar jikin Sharfuddeen kansa sai da ta tashi. Sai kawai ta sauke murya ta ce, "Astagfirullah, Allah ka san wasa nake."

"Inna! Matsafiya ba ta istigfari!"

"Wannan tana yi. In na faɗi na mutu a kan dutsen nan da maganar a bakina, kai za ka amsa mini tambaya?"

"To ki yi a zuci mana."

"A fili na yi saɓon, a fili zan tuba."

Haka aka ɗauki dukkan fitowarta. Ta kira aljani, ta tuba. Ta yi barazanar shan jini, ta tuba. Da hayaƙin ya turnuƙe ta kuwa ta tsaya tsakiyar tsafi ta ce wanda ya kunna kashin nan Allah ya shirye shi.

Rana ta biyu ta jini ce. Sharfuddeen ya zo da zoɓo jarka guda, wanda ya sa aka zuba wa sukari da yawa don ya yi kauri. Ya kwanta a kan dutse, ya sheƙa wa ƙirjinsa, ya lumshe ido yana nishin mutuwa irin na jarumai. Ƙudan zuma ɗaya ya zo ya duba, ya koma ya sanar da 'yan'uwansa. Saurayin da matsafa suka yi wa jina-jina, wanda ko yatsa ba ya iya ɗagawa, sai ga shi ya miƙe zumbur ya tsallake duwatsu uku yana kiran sunan Kawu.

Da ya dawo leɓensa na sama ya kai girman ƙosai. Yakubu ya ce, "Darakta, a sake?"

"A sake me? Wannan gudun ko an biya mutum ba zai yi shi ba. Kumburin nan kuwa kwalliya ce kyauta."

Rana ta uku aka shirya aljani. Aka shafe Yakubu da gawayi da baƙin tukunya, aka sa masa buhu, aka ɗaura masa ƙahonin sa da aka roƙo wurin mahauta, aka tamke da robar tayar keke a ƙarƙashin haɓa. Gaskiya ya yi muni. Ya fito daga bayan dutse yana gurnani, hannuwa sama, sai ya ji an amsa masa da gurnanin da ya fi nasa. Garken Hamma ne, wani makiyayi da ke kiwo a gindin dutsen, bijiminsa ya hango ƙaho a kan wanda bai sani ba, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa.

Aljanin duwatsun Roni ya ɗare bishiyar aduwa, ƙaya ba ƙaya ba.

Hamma ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. "Sannu da hutawa. Kai mutum ne ko me?"

"Mutum ne, Baffa! Tela ne! Janye shi don Allah!"

"To ai shi bai san tela ba. Ƙaho ya gani. Ka cire ka jefo masa, sai ku rabu lafiya."

Sharfuddeen, daga kan wani dutsen da shi ma ya sami kansa a kai ba tare da ya san lokacin da ya hau ba, ya yi tsawa, "Kada ka cire! Ƙahon aro ne!"

Sai da Hamma ya gama dariyarsa, ya kira 'yan'uwansa biyu suka zo su ma suka gani, sannan ya kora bijimin.

Saura fitowa ta ƙarshe, wadda Sharfuddeen ya ce ita za ta sa a yi ta suma. Za a ɗaure saurayi a buhu a ajiye gaban Sarauniya, aljani ya taho daga nesa a hankali, ta 'yar hanyar da ta ratsa bayan dutsen, har ya iso kansa. Da hantsi aka kafa gwafa. Sharfuddeen ya shiga buhu, Inna ta ɗaure bakin da igiya, da alama har da ɗan ƙarin ƙulli na son rai.

Daga cikin buhun ya ce a fara, ya shiga kururuwa. "Wayyo ni! Wayyo ƙuruciyata! Wayyo kyawuna!" Ihunsa ya cika masa kunne. Can ya ji kamar ƙararrawar keke, ya ji gurnanin aljani ya ɗauke, ya ji Inna tana wani irin tari kamar wadda ta ƙware. Ya ce a ransa ba maimaici, ya ƙara murya. Jim kaɗan gurnani ya dawo, aljani ya iso, aka gama.

Da aka kwance shi ya ce, "Yaya?"

Yakubu ya buɗe baki, Inna ta riga shi. "Ɗan nan, tunda nake ban taɓa ganin abu irin wannan ba."

"Na gaya muku!"

Yakubu ya ja shi gefe. "Darakta, in ka zo haɗawa, akwai wani ɗan wuri..."

"Kai tela ne, ni na taɓa koya maka yanka? Bar mini aikina."

Kwana biyu ya yi yana haɗa fim a waya. Duk inda fuskarsa ta fito ya kalla sau goma. Inda ba ta fito ba ya jona kawai ya wuce, don a ganinsa ba abin dubawa a wurin. Fitowar buhu kuwa, tunda buhu ne kawai ake gani, ko buɗe ta bai yi ba.

Aka sa ranar Asabar bayan la'asar a gidan kallon ƙwallon Daudu. Sharfuddeen ya manna fosta har a jikin motocin Gwiwa da Achilafiya, an rubuta da jan fenti: MAI CIWON ZUCIYA KADA YA ZO. Saboda haka kowa ya zo. Aka toshe tagogi da buhuna, aka tayar da janareta, benci ya cika har ana zama a ƙasa. Ya ajiye bokitin ruwa da moɗa a bakin ƙofa saboda masu suma.

Sai ga Kawu Sama'ilu, kuma ba shi kaɗai ba. "Na zo da shaida, kada ka ce na zalunce ka. Ga aminina Malam Muhammadu Lawal. Da ƙyar na shawo kansa, na ce masa hukunci zai yi, ba kallo ba."

Yakubu, da ke can benci na ƙarshe, ya ja hularsa har kan hanci.

Aka fara. Duwatsun Roni suka fito baƙi-ƙirin ta cikin tabarau, sun yi kwarjini ƙwarai, har wani ya ce, "Kai, ashe haka garinmu yake da ban tsoro." Sharfuddeen ya waiwayi Kawu ya ɗaga gira. Sai dai a saman duhun ga rana nan ƙatuwa tana haskawa, ga kuma wata mata ta ratsa can baya da tallan fura.

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Wannan wane irin dare ne da tallan fura?"

Wani ya amsa, "Daren Roni ne, ba ka san shi ba!"

Inna ta fito. Da ta saki dariyarta wurin ya yi tsit, wata mata ta damƙe hannun maƙwabciyarta. Sharfuddeen ya miƙa hannu zai taɓo Kawu ya nuna masa. Kafin hannun ya isa, Sarauniyar matsafa ta ce, "Astagfirullah, Allah ka san wasa nake."

Ɗakin ya fashe. Daga nan duk sanda ta kira aljani sai jama'a su riga ta da baki ɗaya, "Astagfirullah!" Inna tana zaune a gaba tana gyara ɗaurin kallabi tana amsa gaisuwa.

Gudun zuma sai da aka roƙi Daudu ya maimaita. Hawan aduwa kuwa wani dattijo ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa don kada ya faɗo. Sharfuddeen ya bi layi yana raɗa wa mutane, "Ku yi dariyarku yanzu. Ƙarshen na zuwa. Mai rauni ya matsa kusa da bokiti."

Ƙarshen ya zo. Ga buhu yana birgima yana kukan kyawunsa. Ga aljani ya taho daga nesa, dogo, baƙi, ƙaho na rangaji. A gaskiya wurin ya sake yin shiru, don tafiyar ta yi kyau. Sai aka ji ƙararrawa. Wani dattijo mai farin gemu ya shigo hoton a kan keke, fartanya ɗaure a baya, zai wuce gona.

Aljani ya tsaya cak. Ya sauke hannuwansa. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye su gefe a jere, ya durƙusa har ƙahonsa na taɓa ƙasa.

"Ranka ya daɗe, barka da hantsi. An fito lafiya? Ya gida, ya ƙoƙari?"

Dattijon ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya dube shi da tausayi. "Lafiya lau, bawan Allah. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka." Ya laluba aljihu ya miƙa masa goro. Aljani ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara girma." Bai tashi ba sai da keken ya ɓace. Sannan ya sa takalmansa, ya soke goron a kunne, ya ɗaga hannuwa ya ci gaba da gurnani. Duk wannan abin buhu na gefe yana ta ihu shi kaɗai.

Abin da ya biyo baya ba a kira shi dariya ba. Mutane kwanciya suka yi. Wani ya fita waje yana riƙe da ciki, ya dawo don kada a ƙarasa ba shi. Bokitin ruwan ma ya yi amfani, don wata mata ta ƙware sai da aka ba ta moɗa biyu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam Muhammadu Lawal ya gyara tabaransa ya ce, "Daudu, mayar da shi baya."

Aka mayar.

"Wannan ni ne. Na ɗauka mai taɓin hankali ne, har na sa shi a addu'a. Tsaya nan, wurin takalman." Aka tsayar. Malam ya tashi ya matsa har gaban talabijin. "Wannan takalmin ni na saya da hannuna, na ba mijin 'yata Sadiqa ranar ɗaurin aure. Ga ɗinkin da aka yi wa na hagu." Ya juyo a hankali. "Yakubu yana nan?"

Benci na ƙarshe ya kife. Aka ga doguwar inuwa ta bi ta taga, ta tafi da buhun da aka toshe ta da shi, hasken yamma ya shigo ya haske ɗakin. Takalmi ɗaya ya rage a kan taga. Na hagu ne.

Sharfuddeen ya daka tsalle. "Kawu, ka gani! Mutum ɗaya ya tsorata! A gaban idonka! Har ta taga!"

Kawu, yana share hawaye da bakin rawani, ya ce, "Malam, kai ne mai hukunci."

"Wannan ba fim ya tsorata shi ba," in ji Malam, "ni ne. Kuma ku gaya masa ya dawo ya ɗauki takalminsa. Yaron da zai gaishe ni yana cikin ƙaho, ban da abin da zan ce masa sai dai ya yi wanka."

Daudu ya ratso jama'a ya kama hannun Sharfuddeen. "Darakta, tunda na buɗe gidan nan ban taɓa ganin an ji daɗi haka ba. Ka bar mini shi mako biyu, kullum sau biyu. Fostar kawai za mu canza, mu rubuta fim ɗin barkwanci."

Jama'a suka ɗauka, "A sake! A sake gobe!"

Kawu ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya sassauta murya. "Sharfu, ba ka cika sharaɗi ba, amma na ga abin da ban zata ba. Ka tsaya nan gaban mutane ka ce fim ɗin ban dariya ka yi, ni kuma in janye maganar Babura."

Inna Kaltume ta ce, "Ɗan nan, faɗi mana. Kalma nawa ce?"

Sharfuddeen ya dubi Kawu, ya dubi jama'a, ya dubi talabijin inda aljani ke durƙushe da goro a hannu. Ya gyara wuyan riga, ya hau kan benci don kowa ya ji.

"Fim ɗina na tsoro ne. Ku ne ba ku iya kallo ba."

Washegari da hantsi motar hatsi ta tashi daga tashar Kazaure, Darakta na zaune a kan buhunan gero, sabon mudu a cinya. Kafin a kai rabin hanya ya riga ya tara fasinjojin baya yana ba su labari.

"Mutum ɗari biyu, wallahi, ba wanda ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Wasu na birgima, wasu na hawaye, wata sai da aka ba ta ruwa. Ƙato guda ta taga ya fita."

Wata tsohuwa da ke riƙe da kaza ta ce, "Ikon Allah. To kai kuma ina za ka da mudu?"

"Babura, Iya. An ce in ɗan bar garin sai hankalin mutane ya kwanta."